Mutumin da Ya Auna Mamata da Kwalin Ashana

Ranar Juma'a, tara ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya yi wa editan jaridar ikilisiya rasuwa a asibiti, bayan jinyar da ta raba shi da teburinsa tun farkon shekara. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya uku da jikoki, ya kuma bar jaridar da duk garin nan ke kira 'Yar Laraba, saboda ranar da take fitowa.

Kafin in ce komai, dole in jinjina wa kwamitin da ke kula da jaridar. Sun yi ƙoƙari. Tun ina da baƙin gashi nake sayar da jarida, ban taɓa ganin an karrama mamaci kamar yadda suka yi a fitowar da ta biyo bayan jana'iza ba. Hotonsa ya cinye shafin gaba ɗungurungum, yana sanye da kwat ɗin da na san aro ya yi ranar auren 'yarsa. A ciki, shugaban ikilisiya ya ɗauki shafi guda, mataimakinsa shafi guda, sakatare da ma'aji suka raba ɗaya, kowa da hotonsa a sama don kada mai karatu ya rikice ya ɗauka wani ne daban ya ji zafin rashin. Takarda ma mai sheƙi suka saya, har masu tuya a kasuwa suna ƙorafin ba ta shan mai. Da shafukan suka ƙare musu, sai suka haɗa da shafin baya, wato shafin mamata. Suka cire shi, suka jera saƙonnin ƙungiyoyi a gurbinsa. Can ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, ga sanarwa: kwamiti zai zauna ƙarshen wata ya duba ko shafin zai ci gaba, in kuma zai ci gaba, ko za a keɓe shi ga 'yan ikilisiya kaɗai, ta hannun fastocinsu.

Edita, da ka ga wannan fitowar, da jan bironka ya ƙare kafin ka kai tsakiya. An ɗauki abin da ka fi ƙi an yi maka ado da shi, an kuma ɗauke abin da ka fi so don a sami wurin yabonka.

Ni ba dattijon ikilisiya ba ne, ba kuma ma'aikacin jaridar ba. Rumfa gare ni a bakin kasuwa, inda nake sayar da jaridu da biro da ambulan da duk abin da ba ya ruɓewa. Ɗan karatun da na yi a makarantar mishan ya ishe ni karanta kanun labarai da gane mai niyyar cuta ta. Tsakanina da majami'a kuwa sai biki da jana'iza. Marigayi bai taɓa kirana da sunana ba, Dillali yake ce mini, ni kuma in ce masa Edita ko a gaban matarsa. In na yi magana kan wannan jarida, ina yi ne a matsayin wanda ya ga hannun masu sayenta, ba fuskar masu ita ba.

Matasa ba su san yadda ta faro ba. Ba jarida ba ce da farko. Falle ɗaya ne da ake murzawa da wani injin hannu a ɗakin ajiya na bayan majami'a, tsakanin karyayyun bencuna da tsohuwar ganga. Abin da ke ciki shi ne wanda zai yi wa'azi, lambobin waƙoƙi, da ranar taron mata. Shi kuwa a lokacin ƙaramin malamin makaranta ne, aka ɗora masa murza injin saboda ya fi kowa rashin iya cewa a'a. Wata rana ya ga rabin fallen ya tashi fari fat, sai ya ji takaicin asarar takarda, ya cike wurin da farashin hatsi da lokacin tashin motoci. Sati na gaba ya ƙara da abin da aka yanke a kotu. Kafin a ankara, mutanen da ba su taɓa taka harabar majami'a ba suna tsayawa a bakin ƙofa suna tambaya ko takardar nan ta fito.

Dattawa suka kai ƙara wurin tsohon shugaban ikilisiya na wancan zamani, wai an mai da takardar Allah ta 'yan kasuwa. Tsohon ya ce musu shekara da shekaru yana buga ƙararrawa mutanen nan ba su zo ba, yanzu farashin hatsi ya kawo su har ƙofa, don haka a bar yaron ya yi aikinsa. Daga nan aka sayi inji na gaske, aka kama ɗakuna biyu a saman wani shagon ɗinki, aka ba ta suna mai tsawo da ba wanda ya taɓa kiranta da shi.

Halin jaridar halinsa ne. Kuɗin ikilisiya ne, amma bai yarda ta zama madubin ikilisiya ba. Yakan ce shafin gaba na abin da ya shafi kowa ne: gadar da ta karye, ruwan famfon da ya ƙi zuwa, malaman da suka shiga yajin aiki. Labarin ikilisiya yana da gidansa a tsakiya, mai tsabta, ba a matsa masa, amma ba ya fitowa zaure sai ya yi abin da garin zai so ya ji. Shekarar da rufin makarantar ikilisiyar kanta ya rufta saboda aikin ha'inci, a shafin gaba ya buga. Aka kira shi gaban kwamiti aka ce ya tona asirin gida. Ya ce iyayen yaran duk sun ga rufin a ƙasa, mutum ɗaya ne kawai zai yi kamar bai gani ba, shi ne jarida, kuma daga ranar ba mai sake yarda da ita ko da ta ce rana ta fito.

Ba ya karɓar tallan giya, ba ya karɓar na caca, ba ya karɓar na maganin da ke warkar da ciwo fiye da ɗaya. Na taɓa kai masa wani mai irin wannan magani, na zuba masa duk zaƙin bakin da Allah ya ba ni. Ya saurare ni har na gama, ya buɗe kwalbar, ya zuba a kofin shayinsa, ya turo mini. Ya ce tunda na yi kukan ciwon baya da safe, in shanye, in ya ga na miƙe sai ya buga. Na ce ai bayan ya yi sauƙi. Ya ce to, ka ga ma ya fara aiki tun ba ka sha ba. Shekaru yana tambayata lafiyar bayana a gaban mutane.

Amma abin da ya sa jaridar nan ta zama ta kowa shi ne shafin baya. Na ga dubban mutane suna sayenta, kuma da wuya ka ga wanda bai fara juya ta ba tun kafin ya karɓi canji. Suna son su ga wa ya tafi.

Ga yadda ya tsara shafin. Duk wanda aka yi wa rashi a garin nan, ko wane addini yake bi, ko ba ya bin komai, yana iya hawa benen ya faɗa, ba a karɓar ko sisi. Ana jera mamatan yadda labarinsu ya iso, ba yadda suka fi juna ba. Babu hoto, babu sarauta, babu jerin digiri. Kowa kuma gwargwadon kwalin ashana yake samu. Ba misali nake yi ba. Akwai wani tsohon kwalin ashana a kan teburinsa, ya yi baƙi saboda hannu, shi yake ɗorawa a kan gwajin bugu. In rubutu ya leƙo ta gefe, jan biro ya cinye shi.

Abu uku yake tambayar wanda ya zo: sunan mamacin, sana'arsa, sai kuma abu ɗaya da mutanen gidansa suka san shi da shi. A nan ake daɗewa. In ka ce mutumin kirki ne, sai ya ce duk wanda ya mutu mutumin kirki ne, a ba shi wani abin. In ka ce mai haƙuri ne, ya ce haƙurin me, da wa. Zai ba ka kujera, ya sa a kawo ruwa, ya koma kan aikinsa kamar ya manta da kai, har sai abin ya fito da kansa. Shi ya sa za ka karanta a shafin cewa wane tela ne, in ya ce gobe to goben ce. Ko wance ungozoma ce, tana tuna sunan duk yaron da ta karɓa har ya yi gemu. Ko wane direba ne, bai taɓa wuce tsohuwa a hanya ba. In ka karanta sai ka ji kamar ka san mutumin, har ka ji haushin ba ku gaisa ba.

Wani ɗan kwangila da ya sake wa babbar majami'a rufi kyauta ya rasa mahaifinsa, ya aiko da rubutu shafi guda da hoto. Edita ya mayar masa, ya ce shafukan talla suna nan, ya sayi duk wanda ya ga dama, za a rubuta talla a samansa yadda aka saba. A shafin baya kuwa tsohon zai kwanta bayan wani mahauci da wata mai wanki, don su suka riga shi isowa. An yi watanni ana ɗaure masa fuska ranar Lahadi. Bai taɓa yin wa'azi a kan abin ba. Ya dai ce mini shi ba ya iya gyara yadda ake raba duniya, amma shafi ɗaya a sati bai fi ƙarfinsa ba.

Lokacin da matata ta rasu ni ma na hau benen. Ni da nake sayar wa mai sanƙo mataji da bakina, na zauna a kujerar nan na rasa abin faɗa. Na ce mai biyayya ce. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Dillali, ka manta na san ta?" Ina nan zaune har aka tashi cin abincin rana aka dawo. Can na ji bakina yana cewa ba ta taɓa ƙarasa ba ni labari ba, dariya ke ƙwace mata tun tana tsakiya, don haka duk labaranta rabi na sani. Ya rubuta. Haka ya fito ranar Laraba. Mata suka riƙa tsayawa a rumfata suna cewa wallahi haka take. Wannan ne ta'aziyyar da ta shige ni, duk sauran a kunne suka tsaya.

Daga baya duniya ta juya. Labari ya koma cikin waya, mutane suka daina jiran Laraba. Aka sayar da injin, ana kai bugu wani wuri. Ɗakuna biyu suka koma ɗaya. Ma'aikata suka watse har ya rage daga shi sai matar da ke buga rubutu, wadda har yau muke kira Mai Tafireta ko da yake kwamfuta take amfani da ita, sai direban da ke rarrabawa. Masu tsayawa a rumfata su karanta kyauta, waɗanda na shekara ina kora, su ma suka daina zuwa, na koma ina kewarsu. Sabbin 'yan kwamiti suka fara cewa me ya sa ikilisiya za ta ci gaba da ciyar da jaridar da ba ta yin maganarta. Ba mugaye ba ne, kuma tambayar ba ta wauta ba ce. Sai dai ba su taɓa tsayawa a bakin kasuwa ranar Laraba sun ga mai sallah da mai zuwa majami'a sun haɗa kai a kan shafi ɗaya suna neman wanda suka sani ba.

Kowace Talata da la'asar, bayan ya rufe shafuka, yakan biyo ta rumfata ya zauna a benci, mu yi gardama a kan abin da bai shafe mu ba. Yaranmu duk sun yi nisa, sa'o'inmu kuma mun karanta su ɗaya bayan ɗaya a shafinsa. Wata rana na tambaye shi abin da zai rubuta a kaina. Ya ce ai ba shi ke faɗa ba, sai ya ji daga bakin wanda ya hawo bene. Na ce in ba wanda ya hawo fa? Ya ce, "To, sai in sauko in hau da kaina." Da wannan maganar na riƙa rufe rumfa hankali kwance. Yanzu Talata tana zuwa, in share bencin, in tuna, in mai da tsumman. Gardama ta taru mini a ciki ba wanda zan sauke wa.

Ana saura kwanaki kaɗan ya rasu, wata mata ta zo rumfata. Mijinta mai gyaran agogo ne da ke zama a ƙarƙashin matakalar gidan waya, ya kwanta ciwon kwana biyu ya tafi. Ba addininsu ɗaya da masu jaridar ba, ba ta kuma karatun boko, amma ta ce mijinta ba ya fashin sayen 'Yar Laraba, shi ke karanta mata shafin baya suna jajanta wa mutanen da ba su sani ba. Ta je benen ta tarar Edita yana asibiti. Sai na ba ta benci, na yi mata tambayoyin nan uku, na kama bakina. Da ta gama kuka ta ce akwai agogunan da aka kawo gyara aka manta da su shekara da shekaru, kowace safiya sai ya wana su ya daidaita, wai kada mai shi ya dawo ya tarar nasa a tsaye.

Washegari na kai masa maganar asibiti. Ya rame har tabarau ya yi masa yawa, matarsa tana gefen gado tana yi masa fifita da tsohuwar fitowa. Na faɗa masa, ya lumshe ido.

"Kai ka tambaye ta?"

"Ni na tambaye ta."

"Ka bar ta ta yi shiru?"

"Na bari."

"Kai, Dillali? Lallai na kusa tafiya, tunda har an fara ganin abin al'ajabi."

Matarsa ta ce ya daina irin wannan magana. Ya sa ta kira Mai Tafireta a waya, ya yi mata shifta da muryar da da kyar ake ji, ya sa ta maimaita masa, ya cire kalma ɗaya. Wannan shi ne aikinsa na ƙarshe a jaridar da ya murza da hannunsa tun tana falle ɗaya. Mai Tafireta ta ce mini rubutun yana nan a cikin kwamfuta, shi da na sauran mamatan wancan satin, an riga an jera su. Shi ne shafin da aka cire don a sa saƙonnin ƙungiyoyi.

Ranar da fitowar karramawa ta iso, matar nan ta zo da sassafe cikin kayan takaba, ta sayi ɗaya, ta miƙo mini in nuna mata wurin. Na riga na san babu, amma na tsaya ina buɗe shafuka kamar mai nema. Ta ga hoton gaba ta tambaya ko wannan ne mai rubutawar. Na ce shi ne, ya rasu. Ta ce, "Ashe kai ma an yi maka rashi. Sannu, Baba, Allah ya ba ka haƙuri." Duk garin nan ita ce ta fara yi mini gaisuwa a matsayin wanda aka yi wa rashi. Sannan ta tambaya, nata fa? Na ce sai wani satin. Wani satin ya zo, ita ma ta zo, shafin baya kuwa jadawalin wa'azi ne, wai kafin kwamiti ya zauna. Na sake ce mata wani satin. Ta naɗe jaridar da kyau ta sa a jaka, ba ta ce a mayar mata da kuɗinta ba.

Edita, na san na wuce kwalin ashana nesa ba kusa ba, ka yafe mini, ba ka nan ne shi ya sa. Zan kai wa Mai Tafireta wannan rubutu. In an buga, madalla. In ba a buga ba, zan manna shi a jikin rumfata, inda masu karatunka na gaskiya suke wucewa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa, wadda ta yi shekaru tana ɗumama abinci saboda jarida ba ta san lokacin tashi ba. Mama, Allah ya ta'azantar da ke, ya tsaya miki a ɗakin da ya yi miki faɗi. Ina yi wa 'ya'yansa da jikokinsa gaisuwa, da Mai Tafireta da direba, da ikilisiyar da ta haife shi ta kuma jure shi, don jure irinsa ma aiki ne. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutawa. Yadda bai tambayi kowa matsayinsa kafin ya ba shi wuri ba, Allah ya ba shi wuri mai yalwa a wurinsa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau, ya kuma bar mana wanda zai tuna abu ɗaya na gaskiya a kanmu.

Ga 'yan kwamiti kuma, Allah ya yi muku jagora a zamanku na ƙarshen wata. Ku kuka san nauyin da ke kanku, ni mai rumfa ne kawai. Sai dai matar mai agogo za ta dawo Laraba mai zuwa, kuma wani satin nawa ya kusa ƙarewa. Ku taimake ni da amsar da zan ba ta: in ce mata mijinta bai iya zaɓen satin mutuwa ba, ko kuwa wurin ibada ne bai iya zaɓa ba?